Abin da Na Tono a Kwamfutar Malam

Ba zan taɓa mantawa da washegarin Babbar Sallar bara ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu a Kibiya ba za su bari ba. Har yau in na zo wucewa ta majalisar bakin masallaci, sai wani ya yi gyaran murya sau biyu ya ce, "Ranki ya daɗe," sauran su kwashe da dariya. Ni kuwa sai in ƙara wa babur wuta kamar ban ji ba. Bari in faro muku daga tushe, don ku san ba wanda ya yi mini wannan aika-aika, ni na yi wa kaina da hannuna.

A gidanmu Injiniya ake ce mini. Ban gina gada ba, ko rijiya ban taɓa haƙawa ba, malamin firamare ne ni. Asalin sunan shi ne, da na gama sakandare na yi kwas na wata uku a wani shagon koyon kwamfuta a Rano, aka ba ni takarda mai ruwan zinare a gefe (na yi mata gilashi na rataye a falo, sama da hoton aurena). Abin da na koya a wata ukun nan bai wuce kunnawa da kashewa da buga wasiƙa da yatsu biyu ba. Amma rashin farin wata tauraro ke haske, a lokacin duk layinmu ni kaɗai na taɓa taɓa kwamfuta.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin allo ne da littattafai. Kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa. Wani tsohon ɗalibinsa da ya samu aiki a Kano ne ya kawo masa kwamfuta, irin ta dā mai ƙaton talabijin mai ƙeya da akwatin ƙarfe a gefe, don a riƙa naɗar karatunsa. Ni ne mai naɗa. In an kawo wuta, Malam ya zauna a kan buzunsa, ni kuma in durƙusa in riƙe masa makirfo.

Sai dai ni ɗan fari ne, kuma wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da hakan ke nufi. Malam bai taɓa kiran sunana ba, mahaifiyarmu Inna ma haka. Sunana "kai", ko "yaron nan". In Malam zai aike ni, ƙanwata Saudatu yake gaya wa ta gaya mini, alhali ina tsaye a wurin. Ko a wajen naɗin karatu da hannu yake yi mini alamar in kunna. Ban taɓa ganin ya yi dariya a kan wata magana tawa ba.

Da ya rasu, shekara tara ke nan, malamai suka raba gida da gona yadda shari'a ta ce. Tarkacen ɗaki kuwa aka bar wa ƙaninsa, Baffa Isa, ya raba mana ni da Saudatu bisa yardar juna. Da aka zo kan kwamfuta, Baffa ya zagaya ta sau biyu, ya ce, "Injiniya, wannan abar tana rabuwa?"

Maimakon in ce ban sani ba, sai na ce, "Ƙwarai kuwa, Baffa. Kowane ɓangare da aikinsa."

"To wanne ne babba?"

Na dafa talabijin. Ga yadda na auna abin a raina: duk abin da na taɓa ajiyewa, a cikin gilashin nan na ga ya shige. Akwatin kuwa ban san shi da komai ba sai ƙugi da huro iska mai ɗumi. (Na san a jikinsa ake kunnawa, amma ai janareto ma a jikinsa ake kunnawa, kuma ba wanda ya ce yana ajiye karatu.) Na ɗauki talabijin da allon bugawa a matsayin rabon namiji, na tura wa Saudatu akwati, har da ce mata, "Ba komai a ciki sai fanka, amma ki riƙe don tabarruki." Inna ta ce ita ba ta son komai, a ba ta tsohon mayafin Malam da ake lulluɓe kwamfutar da shi.

Haka aka zauna shekara da shekaru. Saura mako biyu Sallah na je gaishe da Inna, na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ba ta kalle ni ba, kamar kullum. Bayan mun gaisa ta ce, kamar da kwanon gyaɗar take magana, "Jiya na so in tuna muryarsa, ta ƙi zuwa. Fuskar tana nan. Muryar ce ta tafi." Ta ɓare biyu ko uku, ta ƙara da cewa, "Abin nan da ake naɗar karatu, yana nan kuwa?"

Tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa neman wani abu a wurina ba, ko sabulu. Tausayinta ya kama ni, idona ya kawo ruwa. Amma bakina ya riga hankalina, na ce, "Inna, kwana biyu kawai za ki ba ni. Ai yana wurina."

Da safe na sauko da talabijin daga saman durowa, na kakkaɓe shi, na jona. Ya kawo wani ɗan akwatin rubutu yana yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba karatu ba dalilinsa. Na ce lallai ƙura ce ta toshe hanya. Na naɗe shi a bargo, na ɗaure a bayan babur da igiyar roba, na kama hanyar Rano a hankali, ina kauce wa kowane rami don kada karatun Malam ya hargitse a ciki.

Mai gyaran da na nufa Sabo ne, yana da shago kusa da tasha. Tare muka yi firamare, ni ina zuwa na uku a aji, shi kuwa sai an kusa naɗe takarda ake kiran sunansa. Don haka na shiga shagon da ƙafar dama da kuma girman kai. Akwai mutum biyu a kan benci suna jiran wayoyinsu. Na dire talabijin a kan tebur na ce, "Karatun mahaifina ne a ciki, nake so ka fito mini da shi."

Sabo ya dubi talabijin, ya dube ni, ya leƙa waje ya dubi bayan babur. "Ina kwamfutar?"

"Ga ta a gabanka."

Ya cire tabarau ya goge. "Injiniya, madubi ka kawo mini, kana so in ciro maka fuskar wanda ya duba shi shekara tara da suka wuce. Wannan nunawa kawai yake yi. Ina akwatin?"

Ya yi mini bayani a hankali, irin yadda nake yi wa 'yan aji biyu. Wai a cikin akwatin akwai wani ƙarfe, su had-diski suke ce masa, shi ne rumbun ajiyar, duk abin da aka taɓa naɗa yana can. Na ce, "Na sani mana, gwada ka nake yi." Ba wanda ya yi dariya a shagon, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Saudatu tana aure a Fammar. Washegari na je, na sami akwatin a saman kabad ɗinta, an rufe shi da farar saƙa, ko ƙura babu, ashe duk Juma'a sai ta goge shi. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi yara, na tambayi damina, kafin na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Yaya, ba kai ka ce ba komai a ciki sai fanka ba?"

"Ilimi ne ya ci gaba."

"Ilimin ne ya ci gaba, ko kai ne yanzu ka iso shi?"

Ta ce don Inna ta yarda, amma akwatin gadonta ne, ba zai fita daga ɗakinta ba, in ciri abin da zan cira a gabanta. Na fita waje inda waya ke kamawa, na kira Sabo. Maganarsa tana zuwa tana yankewa, abin da na tsinta shi ne: ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, yana da ɗan nauyi, wayoyi sun shiga jikinsa, noti huɗu ke riƙe da shi. Na aro sukundireba a wurin mijinta, na buɗe murfin gefe, na leƙa.

Jama'a, duk abin da ke cikin akwatin nan kusurwa huɗu gare shi. Duk wayoyi sun shiga jikinsu. Har wani gidan zanzaro da na gani a lungu sai da na tsaya ina tunanin ko na kamfani ne. Na tsuguna ina ta kallo, gumi yana ɗiga daga haɓata. Saudatu ta miƙo yatsa ta nuna wani ɗan ƙarfe shafaffe a ƙasa, ta ce, "Yaya, ba wannan ba ne?"

Na ce, "Wa ya yi kwas, ni ko ke?"

Sai na koma ga hankali. Malam ya yi tafsirin azumi uku a kwamfutar nan, ban da littattafan fiƙihu. Yaya za a yi wannan uban karatu ya shiga ɗan abin da bai fi tafin hannuna ba? Na zaɓi mafi girma da nauyi, wanda ke can sama, wayoyi sun fito daga cikinsa dam guda. Noti huɗu ne cif. Na kwance shi, na naɗe a ɗankwalin da ta ba ni, na sake kama hanyar Rano ina jin na fanshe mutuncina.

Sabo ya warware ɗankwalin, ya daɗe yana kallo. Ya juya abin, ya hura, wata 'yar farfela ta juya a ciki. Ya ce, "Wannan akwatin wuta ne, shi ke raba wa sauran lantarki. Amma ban ce ka yi asarar tafiya ba, ga fankar da kake ta faɗa, ka same ta."

A rana ta uku Saudatu da kanta ta ɗauko akwatin, muka shiga motar haya tana rungume da shi a cinya. Cikin minti biyu Sabo ya zaro ɗan shafaffen ƙarfen nan da ta nuna mini tun farko. Saudatu ta gyara hijabinta kawai, ta dube ni, ta dubi ƙarfen, ta dubi silin. Har muka koma tasha ba ta tayar da zancen ba, sai da za ta shiga mota ta ce, "Allah ya ƙara ilimi, Yaya."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Rumbun tsohon yayi ne, bakinsa mai faɗi, sai da Sabo ya zazzage kwali biyu kafin ya sami wayar da ta dace da shi. Da ya jona a tasa kwamfutar, sai abin ya fara ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon da batirinsa ya kusa ƙarewa. Sabo ya ce wannan ƙarar ba ta alheri ba ce, rumbun yana gargara, wataƙila sau ɗaya zai yarda a karanta shi, in tafi in ba shi kwana uku. Kwana ukun nan ban je gaishe da Inna ba, don kwana biyun da na yi alkawari sun daɗe da wucewa, kuma na san ba za ta tambaya ba. Rashin tambayar ne ba zan iya ɗauka ba.

Da na koma, Sabo ya nuna mini abin da ya tsira. Wasiƙun da na buga wa mutane, da 'yan hotuna rabinsu ya zama toka-toka. Jakar karatun Malam kuwa sunaye ne kawai suka rage, ka danna wannan shiru, ka danna wancan shiru. Tafsirin azumi uku duk ya tafi, rumbun kansa kuma ya daina ko ƙas ɗin. Na zauna a kan benci.

Sabo ya ce, "Akwai guda ɗaya da ke tashi. Ba a cikin jakar yake ba, a wani lungu na same shi. Minti goma sha ɗaya ne." Ya nuna mini sunan: Karatun Malam na Musamman.

Ya danna. Aka ji shuuu, sai gyaran murya sau biyu, sai wata murya mai kauri, a nitse, ta ce, "Assalamu alaikum wa rahmatullah."

Na damƙe hannunsa. "Tsaya. Shi ne. Kashe, Inna ce za ta fara ji."

"Ka saurara har ƙarshe tukuna. Ƙa'idar aikin ke nan, ba a kai wa mutane abin da ba a ji ba."

Na ce, "Sabo, ka koya mini akwati, na yarda. Muryar ubana ma kai za ka koya mini?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya tura mini a waya.

Yanzu ku lura, Inna ita kaɗai ta nemi ta ji. Da na kai mata ɗaki na ajiye mata wayar na fita, da ba ku ji wannan labarin ba. Amma zancen madubi ya riga ya iso Kibiya daga Rano, na fanka kuma ya iso daga Fammar, ni kuwa ina so in wanke kaina a bainar jama'a. Na gayyaci Baffa Isa. Na gayyaci tsofaffin ɗaliban Malam, waɗanda yanzu limamai ne a ƙauyukansu. Na gayyaci surukina, Alhaji Garba, mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba. Na aro lasifikar makarantar Islamiyya, na kafa ta a bakin zaure yadda maza a waje da mata a tsakar gida kowa zai ji.

Washegarin Sallah bayan la'asar aka cika, gari duk ƙanshin suya. Aka shimfiɗa tabarmi, dattawa suka zauna, wasu har da sabunta alwala. Na miƙe na yi jawabi a kan fasahar zamani da irin wahalar da muka sha ni da wani yaron shago (haka na kira Sabo, Allah ya yafe mini). Sannan na yi bisimilla na danna.

Gyaran murya sau biyu. "Assalamu alaikum wa rahmatullah."

Taron gaba ɗaya ya amsa, "Wa alaikumus salam." Wani limami ya sunkuyar da kai ya fara share hawaye da gefen rawani. Ni ma na lumshe ido.

Muryar ta ci gaba, "Ranki ya daɗe, Bilkisu. Tun ranar da na gan ki a bakin famfo, abinci ya daina yi mini daɗi."

Na buɗe ido. Wallahi ban gane komai ba. Na ji limamin da ke kusa da ni yana raɗa wa na gefensa, "Ƙissar sarauniyar Saba ce?" Wancan ya ce, "Da famfo a zamanin?" Ni ma na kama wannan igiyar, na ce a raina ai Malam yana da salon kawo misali, yanzu zai ɗauko aya.

"Ko tuwon shinkafa aka kawo mini, sai in ga fuskarki a cikin miyar. Atamfar nan taki mai ganyen rogo, har mafarkinta nake yi."

Atamfa mai ganyen rogo. Nan abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Ina shekara goma sha tara, akwai wata Bilkisu 'yar maƙwabtanmu da nake mutuwar so, amma in na gan ta harshena ɗaurewa yake. Wata rana da Malam ya fita, na zauna gaban makirfo ina gwajin abin da zan gaya mata, ina kauraro murya don in yi kama da babban mutum. Malam ya dawo ya same ni, na fita da gudu. Da na lallaɓo daga baya, na adana abin da sauri da sunan da na tabbata Saudatu ba za ta taɓa buɗewa ba. Kunya ta hana ni saurare, har na manta da shi. (Bilkisu kuwa ko sannu ban taɓa ce mata ba, tana can Zurgu da 'ya'yanta shida.)

Na danna na tsayar. Wurin ya yi tsit, har ana jin ƙarar man suya daga maƙwabta. Ba wanda ya dube ni, kowa ƙasa yake kallo. Baffa Isa ya ja numfashi, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Jama'a, abin da aka ji a nan a bar shi a nan. Ɗan'adam ajizi ne. Allah ya rufa asirin mamaci."

Sai a lokacin na gane ashe su ba su gane ba. A wurinsu Malam ne, malaminsu da ya koya musu tsarki da sallah, yake ganin fuskar wata Bilkisu a cikin miya, kuma Inna tana ciki tana ji. Zan gaya muku gaskiya: na yi tunanin yin shiru. Bai wuce ƙiftawar ido biyu ba, amma na yi. Sannan na miƙe na ce, "Baffa, ba Malam ba ne. Ni ne."

Baffa ya girgiza kai. "Allah ya yi maka albarka, ɗa nagari ke nan. Amma ba a yi wa mamaci gata da ƙarya. Muryar Yaya ce, tare muka tashi."

"Wallahi ni ne, Baffa. Kwaikwayonsa nake yi."

Ka ga mutum yana rantsuwa a gaban surukinsa cewa shi ne mai mafarkin atamfar wata, kuma an ƙi yarda da shi. Alhaji Garba ya ce yana kallon carbinsa, "A saki sauran mu ji. In shi ne za a gane, a wanke bawan Allah."

Haka na sa yatsana da kaina na danna.

"In kin amince, ni injiniyanki zan koya miki kwamfuta kyauta. A'a, wannan bai yi ba, bari in sake." Gyaran murya sau biyu. "Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranki ya daɗe, Bilkisu." Sau huɗu na sake, kowanne ya fi na baya muni. A na uku kaurin muryar ya suɓuce ta koma siririya. A na huɗu har waƙa na gwada.

Daga tsakar gida dariyar ta faro, na gane ta Saudatu, na gane ta matata Rukayya a bayanta. Limamin da ya yi kuka ɗazu ya cusa rawani a baki, kafaɗunsa suna tsalle. Baffa yana ta faɗin "Alhamdu lillahi, ashe kai ne," kamar an yi masa albishir da haihuwa. Surukina ya ƙura wa takalmansa ido. Ni kuwa ina tsaye riƙe da waya, na rasa ko zama zan yi ko gudu, ina roƙon Allah lasifikar nan ta ƙone.

Sai aka ji ƙarar ƙofa a cikin naɗin, wata murya daban ta ce, "Kai, da wa kake magana?"

Dariyar wurin ta yanke lokaci guda. Ba mai buƙatar a gaya masa, wannan ita ce ta gaskiyar. Aka ji kujera ta faɗi, aka ji gudun ƙafa, ni ke nan na arce. Sannan Malam ya fara dariya, dariya sosai har da tari, irin wadda ban taɓa sanin yana da ita ba.

"Ke, zo. Zo ki ji."

Takun ƙafa, da ƙarar awarwaro. Muryar Inna, tana da sauran ƙuruciya: "Lafiya, Malam?"

"Yaron nan na tarar yana zance da na'ura. Tun ɗazu nake tsaye a bakin ƙofa. Wai fuskarta yake gani a miya."

"Kai, Malam. Ɗan fari ka tsaya yi wa laɓe? Ba kunya?"

"Wa ya gan ni? Amma fa ya fi ni baki. Ni da nake zuwa Nariya wurinki, me nake cewa?"

"Ba ka cewa komai. Zanen ƙasa kake yi da sanda har a kira magariba."

Suka yi dariya su biyu. Sannan Malam ya faɗi sunana. Sunana na yanka, cikakke, ya fito daga bakinsa a sauƙaƙe kamar kullum yana faɗa. Ya ce, "Ya girma. Allah ya yi masa albarka, ya haɗa shi da mai haƙuri da shi." Inna ta ce amin. Aka ji sun ja ƙofa, sauran naɗin ƙugin fanka ne kawai.

Ba wanda ya motsa. Baffa ya shafa fuska da hannu biyu ya ce, "Wannan ce muryar Yaya." Ni ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, ba ma a kan tabarma ba. Shekara arba'in saura kaɗan ina duniya, ranar na fara jin sunana a bakin mahaifina, kuma sai da na tara rabin gari suka ji ina waƙar atamfa tukuna.

Saudatu ta leƙo ta ƙofar zaure, idonta jawur. "Yaya, Inna ta ce a maimaita."

Na ce, "Daga inda Malam ya shigo?"

"Ta ce daga farko."

Bayan kwana biyu na je na durƙusa na gaya wa Inna cewa Sabo zai iya yanke minti bakwai na farko, a bar mata na Malam zalla. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "In an yanke farkon, me zai ba shi dariya?" Shi ke nan aka rufe zancen. Aka sa mata a memori, aka saka a 'yar rediyonta, tana ajiye ta a kan mayafin nan na Malam. Duk baƙuwar da ta zo gaishe ta sai an kunna mata, daga farko. Rukayya kuma ta sami abin yi, in ta ajiye mini tuwo sai ta buɗe kwanon miya ta ce, "Abban Amira, duba da kyau, wa ka gani yau?"

Darasin da na ɗauka, in mai gyara ya ce ka saurara har ƙarshe, ka saurara. Sai dai ko wannan ɗin ban gama gane shi ba, don na san halina: da na saurara a shagon Sabo, ina jin "Bilkisu" zan sa ya goge, ba zan kai minti na takwas ba, Inna kuma ta rasa muryar har abada. Wato wautata ce ta ɓata, ita ce kuma ta gyara, ni ban san wa zan gode wa ba. Takardar kwas dai na sauke ta daga bango, na ce wa yara kowa ya daina kirana Injiniya, ba wanda ya daina.

Yanzu in na shiga gida na jiyo muryata daga ɗakin Inna ina yi wa Bilkisu sallama, na daina juyawa da baya. Tsayawa nake a bakin ƙofa inda ba za ta gan ni ba, in haɗiye minti bakwai ɗin nan duka, har da waƙar, in jira Malam ya kira sunana.